Salula Ta Riga Mu Shiga Ajin Lissafi

Ɗigo ɗaya ne ya tona asirin. Ina zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i, ina gyaran dabuwar ɗin da na ba ƴan ajin turwaziyem su yi a gida, sai na ga wani yaro ya rubuta 3.5. Mu kuwa a lakwal ɗin Nijar, tun daga firamare waƙafi muke sawa, 3,5 muke rubutawa. Haka aka koya mana, haka muke koyarwa. Na ɗauka santsin hannu ne. Na buɗe takarda ta gaba, ɗigo. Ta bayanta ma ɗigo. Kafin in kai ƙarshen tarin na daina ƙirga. Ga amsoshin duk daidai, layi na bin layi, tsaf kamar an buga da inji. Wata yarinya har da alamar delta ta sa, abin da ba a koyarwa sai an shiga lise.

Washegari na kira yaron gaban tablo, na ba shi abin da bai kai na jiya wuya ba: 3(x − 2) = x + 8. Ya karɓi alli, ya rubuta 3x − 2, ya tsaya. Ya goge da tafin hannu, ya sake rubuta abin da ya goge. Aji ya yi tsit. Na matso kusa da shi na ce a hankali, "Ɗana, wa ya yi maka na jiya?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe, salular yayana ce. Hoto ɗai aka ɗauka, sai ta hiddo komi."

Ban yi masa faɗa ba, don gaskiya ya faɗa mini. A Tawa da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa ko ƙane a Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, kuma tsarabar da ta fi kowace farin jini yanzu ita ce salula mai shafawa. A cikinta akwai irin su Photomath, wadda za ka haska mata tambaya ta warware maka mataki-mataki, ga kuma ChatGPT da ƴan'uwansa da suka bazu tun daga ƙarshen 2022. Babu ministan da ya sa hannu, babu sufetan da ya aiko da takarda. Ta aljihun yara na'urar ta shigo ajinmu, mu malamai muna can muna gardama a kan ko ya kamata a buɗe mata ƙofa.

Tun daga wannan daren ra'ayina ya tsaya wuri ɗaya. Amsa ta yi araha, don haka bai kamata mu ci gaba da sayenta da maki mai tsada ba. Maki ya koma kan hanyar da yaro ya bi, wadda zai iya bayyanawa da bakinsa. Na'urar kuma, in za a kashe kuɗin ƙasa a kanta, a fara damƙa ta a hannun malami kafin a kai ga hannun yaro.

A ɗakin malamai mun rabu biyu. Akwai masu cewa a hana salula kwata-kwata, a kwace, a kira iyaye. Ina tare da su a cikin ɗakin jarrabawa, nan kam babu sassauci. To amma dabuwar ɗin gida ai a gida ake yin ta, ko a fada da daddare ana shan shayi, inda salula ɗaya take yi wa yara goma aiki. Hannuna ba ya kai can. Maƙwabciyarmu Aljeriya ta kai ga yanke intanet a ƙasar baki ɗaya a sa'o'in jarrabawar BAC ta 2018 don gudun satar amsa. Ko da hakan ya tsare ɗakin jarrabawa, bai tsare watanni tara da yaro ya yi yana kwafa a gida ba.

Ɗaya ɓangaren kuma su ne masu cewa a raba wa kowane yaro kwamfuta, daga nan matsala ta ƙare. Ƙasar Peru ta gwada wannan. Ta raba wa ƴan firamare ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa, kuma da masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka auna makarantu 319 na karkara bayan wata 15, sun tarar yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da na karatu bai motsa ba. Balle mu da ajin zana bai ƙare mana ba, ga ƙura, ga zafin watan Afrilu, ga kuran da ke zuwa yana tafiya. Ba wanda ya manta da duhun da aka sha bayan Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023.

Abin da ya fi ba ni haske a nan gida aka yi shi. A shekarun 2009 da 2010, a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, an gwada wani shiri na yaƙi da jahilci mai suna ABC, wanda ƙungiyar agaji ta Katolika mai suna CRS ta gudanar, Jenny Aker ta jami'ar Tufts da abokan aikinta suka bi diddiginsa. Manya ne ake koya wa karatu da ƙidaya cikin harshensu. A wasu ƙauyukan an ƙara da koya musu aiki da ƙaramar salula mai maɓalli, guda ɗaya ga mutum biyar. Waɗanda suka sami salular sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Dalili a bayyane yake: malaminsu yana nan, darasinsu yana nan, salular ta zo ne ta ba su wurin motsa abin da suka koya, su danna lamba, su aika saƙo, su tambayi farashin gero. Ba ta yi musu aikin ba, aiki ta ba su. Duk na'urar da za a kawo mini aji, da wannan mudun nake auna ta.

Kuma sai mun kalli inda yaranmu suke tsaye. Binciken PASEC na 2014, wanda ke auna ƙoƙarin ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa cikin yaran Nijar da ke ƙarshen firamare, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. Na 2019 ya nuna an ɗaga, an haura ɗaya cikin biyar kaɗan. Ci gaba ne, kuma malaman firamare sun cancanci yabo a kansa. Amma ma'anarsa ita ce yawancin waɗanda ke shigo mana siziyem har yanzu ninkawa da rabawa ba su zauna musu ba. Irin wannan yaron, in ka miƙa masa abin da ke fitar da amsa, ka rufe ramin da tabarma ne. Sai ranar BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, ya taka.

Wani abu yana ci mini rai. Yaran nan ba daƙiƙai ba ne. Akwai wata ɗalibata ƴar siziyem da ke taya uwarta sayar da ƙosai da safe kafin ta zo lakwal. Na sha tsayawa ina kallonta. Mutum ya sayi na dala talatin da biyar, ya miƙa mata dala ɗari, kafin ya rufe baki ta ce canjinsa dala sittin da biyar. Ta haɗa cinikin mutum uku a ka, ba ta taɓa ɓata ba. A aji na rubuta mata 500 − 175, na karanta da Faransanci, ta yi shiru tana murza gefen hijabinta. Lissafin ɗaya ne fa. Kullum safiya tana ninkawa da biyar tana rabawa da biyar ba tare da ta san sunan abin da take yi ba, tunda dalarmu tamma biyar ce. Abin da ya tare ta shi ne harshen da ke kiran casa'in da bakwai "ashirin huɗu da goma sha bakwai". Da na ce mata, "Ɗiyata, mai da shi dala," nan take ta ba ni amsa, ta kuma mayar da ita 325 da kanta.

Ga inda salula za ta yi mana rana, amma ba kowa ke kallon wajen ba. Manhajojin da yara ke amfani da su da Faransanci ko Ingilishi suke magana, ba su san dala ba, ba su san jika ba, ba su san tiya ba. Malami ya sani. Na fara ɗaukar muryata minti uku ko huɗu da Hausa, ina bayyana abu ɗaya tak, misali me ya sa rabi da sulusi ba sa ba da biyu bisa biyar, in tura ta WhatsApp ga iyayen da ke da shi, sauran su karɓa ta Bluetooth ba tare da sun sayi mega ba. Wani mahaifi ya tare ni a kasuwa ya ce, "Malam, ni ma na saurara, ashe abin da yaran ke yi ke nan." Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya dace a ga amfaninsa a nan. A tara ƙwararrun malamai su shirya irin waɗannan bayanai da Hausa, da Zabarmanci, da Tamashek, da Fulatanci, da Barbarci, a zuba a katin memuwar. Kuɗinsa bai kai na kwamfutoci ba ko kusa.

Batun kalkilatiris ba na tsawaita shi. A firamare da farkon kwaleji, kai da hannu su fara ƙarfi tukuna. Na taɓa ba da tambaya: buhun albasar Galmi 48, kowane jika 15, nawa ke nan? Wani ya danna, sifiri ɗaya ya kuɓuce masa, ya rubuta 72 000 hankalinsa kwance. Kawunsa da ke lodin albasa, wanda bai taɓa zama a benci ba, da ya ji wannan kuɗin zai ce buhu biyar ma sun fi haka. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan sanin kimar nake so yaro ya samu kafin ya taɓa maɓalli. Daga katiriyem zuwa sama kuwa a koya masa ita sosai, har da inda take yaudara. Nakan kawo guda biyu aji, ƙaramar ta masu shago da ta kimiyya, in sa a danna 2 + 3 × 4. Ta farko ta ce 20, ta biyu ta ce 14. Sai in tambaya, wace ce ta yi ƙarya? Gardamar da ke tashi a ranar ta fi koyar da ƙa'idar fara ninkawa kafin tarawa fiye da duk abin da zan rubuta a tablo.

Akwai kuma abin da alli ba zai taɓa yi ba, kuma zalunci ne a hana yaranmu shi. Manhajar GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya fara ƙirƙira a jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya a farkon shekarun 2000, kyauta ce, kuma in ka sauke ta sau ɗaya tana aiki ba intanet. Shekara da shekaru ina zana alwatika ɗaya a tablo ina cewa kusurwoyinta uku in an tara 180 ne. Yara su rubuta, su haddace, su manta. Ranar da na zana ta a salulata, na bi layi-layi ina sa su ja kusurwa ɗaya da yatsa, alwatikar tana miƙewa tana tsukewa, lambobi uku suna canzawa amma jimillarsu ta ƙi motsi, sai na ji wani daga bencin baya ya ce, "Kai! Ta ƙiya!" Haka ƙa'idojin alwatika na Talas da Fitagor: abin da yake a daskare a littafi sai ya tashi yana motsi. Salula ɗaya ce a aji mai yara sama da tamanin, rabin sa'a ta tafi a zagaye, amma ban yi da-na-sani ba.

Sai dai nan ma akwai tarko, kuma na faɗa cikinsa kafin in gane. Da na ce to yanzu mu kawo hujja, wata yarinya mai kaifin kai ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ai mun gani. Mi za a sake nunawa?" Gani ya kori ji, haka muka tashi muka ji ana faɗa. A lissafi kuwa gani bai isa ba. Ta ga alwatika ɗari, ba ta ga dukansu ba, kuma na'urar tana taƙaita lambobi ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Dole na koma tablo, na ja layin da ya yi daidai da gindin alwatikar ta kan ƙololuwarta, muka bi kusurwoyi ɗaya bayan ɗaya har ita da kanta ta ga abin da ya sa ba zai taɓa zama 179 ba. Na'urar ta kawo mamaki, allin ya kawo dalili. Malamin da bai san wannan rabon aikin ba, in aka ba shi majigi ya haska a bango, yara za su sha kallo su tashi hannu wofi.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, wato awo. Makin dabuwar ɗin gida yana shiga cikin muwayen, wato matsakaicin makin yaro. Muwayen ita ke wuce da yaro aji na gaba ko ta maimaita da shi, wani lokaci ita ke korarsa. To in salula ce ta yi aikin, wa muka auna? Mun ba ɗan mai hali 18, mun ba ɗiyar mai ƙosai 7 da ta samu da guminta a ƙarƙashin fitilar titi, sannan mun rubuta a bilitan cewa wancan ya fi ta. Wannan rashin adalci ne da sa hannunmu a ƙasa. Kuma shi ma mai 18 ɗin mun cuce shi, don kayan aro ne ya sa, kuma ranar jarrabawa mai kaya zai karɓe abinsa a bakin ƙofa.

Na canza yadda nake yi. Aikin gida ina bayarwa har gobe, amma ba na sa masa makin da ke shiga muwayen. Na gaya musu a fili: wanda ke da salula ya duba da ita in ya gama, ba laifi. Amma a farkon kowane darasi zan kira mutum uku ko huɗu, ba wanda ya san ranarsa, ya tsaya gaban tablo ya gaya mana me ya sa ya tashi daga wannan layin zuwa wancan. In Faransanci ya tsaya masa, ya fara da Hausa, sannan mu mayar tare. Wani lokaci ni nake kawo amsar da na'ura ta bayar in ce su nemo inda ta karkace, don ChatGPT yakan yi kuskure da cikakkiyar murya, ba ko tari. Wani lokaci in ba su amsa in ce su ƙirƙiro tambayarta daga kasuwa ko gona. Irin wannan ba ya ɗaukuwa a hoto.

Ana ta tallata mana gwajin da na'ura ke gyarawa da kanta, irin na zaɓi ɗaya cikin huɗu. Na san daɗinsa. Wanda ke da aji huɗu ko biyar, takardu ɗaruruwa na jiransa kowane mako, ba zai raina abin da zai rage masa dare ba. Ina maraba da shi wajen gano ciwo. In yara talatin suka zaɓi cewa 0,25 ta fi 0,5 girma, na san suna karanta bayan waƙafi kamar cikakkiyar lamba ne, gobe daga nan zan fara. Amma kar a ba shi alƙalancin wucewa ko faɗuwa. Yaron da ya bi hanya daidai har layi na shida ya yi tuntuɓe da alamar ragi, da wanda ya rufe ido ya caka, na'ura sifiri ɗaya take ba su. Malamin da ke riƙe da jan biro ya san ba ɗaya suke ba, shi ya sa a BEPC da BAC ake raba maki bisa matakai. Wannan gadon kar mu sayar da shi don sauri.

Hasali ma muna da tsohuwar dabarar da ta riga duk waɗannan: ƙaramin allon arduwaz. Ka yi tambaya, ka buga tebur, yara tamanin su ɗaga allo a lokaci ɗaya. Cikin ƙiftawar ido ka ga wanda ya gane da wanda ya ɓata. Abin da na ƙara kawai shi ne ina ɗaukar hoton allunan da salula, da daddare in duba a natse, in shigar a jadawali: wane har yanzu yana tara ƙasan kaso da ƙasa, wance ta warke daga wannan ta koma wancan. Bayan wata biyu ina da tarihin kuskuren kowane yaro, abin da kaina ba zai iya riƙewa ba. Ba kuran ɗin kirki ake buƙata ba, ba mega ba.

Saboda haka roƙona ga masu tsara ilimi ɗan kaɗan ne. A makarantar horon malamai ta Kawsan da ke nan Tawa, da jami'ar Djibo Hamani, da babbar makarantar horon malamai ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, kar malamin lissafi ya fita bai iya GeoGebra da jadawalin maki ba, bai kuma san yadda ake shirya tambayar da hoto ba ya amsawa ba. Waɗanda ke bakin aiki, musamman ƴan kwantiragi da ke ƙauye, a kai musu horon inda suke. A sa faifan sola ɗaya a ɗakin malamai na kowace kwaleji. Ranar da ke ƙona mu ita ce ke ba tashar Malbaza megawat 7 tun 2018, ba za ta kasa cajin salula goma ba. A kuma ba makin baki gurbi a hukumance cikin muwayen, don kar ya zama ganin damar malami ɗaya.

Na san inda dabarata ta gaza. Minti goma a farkon darasi mutum huɗu kawai yake ɗauka. A aji mai yara sama da tamanin, kowa sau biyu ko uku zai tsaya gaban tablo a zango guda, kuma akwai masu kunya, galibi ƴan mata, da sai na zauna kusa da bencinsu kafin murya ta fito. Wannan ba na'urar da za ta gyara shi, sai ƙarin malamai da ƙarin azuzuwa. Yaron nan mai ɗigo ya sake fitowa makon jiya. Ya warware 3(x − 2) daidai, ya rubuta 3x − 6, ya kai har 2x = 14, sannan ya rage biyu maimakon ya raba, ya ce x = 12. Na ce ya mayar da 12 cikin tambayar ya gani. Ya lissafa gefen hagu 30, gefen dama 20, ya daɗe yana kallon tablo, ya juyo ya ce, "Mushe, ba su yi daidai ba. A bar ni in sake."